Amaryar Ranar Al'adu

Ranar da Musaddiƙ ya fara ɗora ido a kan Sadiyya, aurenta ake ɗaurawa, kuma ba da shi ba.

Ranar al'adu ce a jami'a. Ƙungiyar ɗaliban yankinsu, 'yan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ta shirya nuna bikin Fulani. Aka rasa wadda za ta fito a amarya, sai Khadijat ta jawo hannun abokiyar ɗakinta ta ce, "Ga Bafulatana ta gaske, me za mu yi da ta aro?"

Sadiyya ta yi rantse-rantse ba za ta iya ba. Amma ba a taɓa yin musu da Khadijat an ci ba. Kafin azahar an sa mata rigar saƙi, an jera mata duwatsu a wuya, an zaunar da ita kan tabarma a tsakiyar fili.

Zaharadeen ɗan Babura, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ne ango, da malfa da sanda a kafaɗa. Waliyyi kuwa yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, Sama'ilu, da ke ajin ƙarshe, ya manna gemun auduga yana tari irin na tsofaffi. Saniyar sadaki da kwali aka yi ta, ƙahonta ɗaya ya karye tun kafin a fara.

"Muna nema wa ɗanmu Zaharadeen auren 'yarku Sadiyya."

Sama'ilu ya shafa gemun auduga ya ce, "Na ba shi."

"Mun karɓa."

Aka shafa fatiha, 'yan mata suka rangaɗa guɗa, fili ya kaure da dariya.

Ta ƙarƙashin mayafi Sadiyya ta hango wani dogon saurayi ɗauke da kujerun roba a ka. Aiken kujeru aka yi masa, amma ya tsaya ƙyam yana kallonta, har sai da wani ya daka masa tsawa ya ce mutane na tsaye.

Da aka watse ya zo da ruwan leda ya durƙusa daga gefe.

"Amarya, ga ruwa. Na ga angon naki ya tafi ɗaukar hoto ya bar ki da ƙishi."

Ta karɓa ba ta ɗago ba. "Na gode, Mai kujeru."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta yi, a cikin mayafi.

A ɗaki Khadijat ta ce, "Wannan ai Musaddiƙ ne, katanga ce tsakanin gidanmu da nasu a Kazaure. Tun muna yara na san shi." Da ya nemi lambar Sadiyya, ita ce ta ba shi da hannunta.

Idan aka ce Sadiyya ta ji daɗin jami'a, to Khadijat ce silar rabinsa. Sadiyya ta zo ne daga wani ƙauye a bayan Gwiwa, inda gidansu ke kiwo da noma, ba ta iya kallon idon baƙo balle ta tanka masa. Khadijat ta fito da ita daga lungu. Ta koya mata ɗaurin ɗankwali, ta sa ta a guruf ɗin 'yan aji, ta ja ta walimar kammala karatun wance da murnar haihuwar wance, har Sadiyya ta zama ita ake jira kafin hira ta yi daɗi. Tukunyarsu ɗaya. Sadiyya ta kawo man shanu da kindirmo daga gida, Khadijat ta kawo taliya da yajin mamanta, ɗakinsu ya zama kamar gidan biki. Lokacin hutu sukan haɗu da sauran ƙawaye a bakin dam ɗin Kazaure, su baje tabarma su ci ɗanwake suna gulmar malamai. Sadiyya takan kwana gidan su Khadijat, ta kira mamanta Mama.

Ba ta da sirrin da ta ɓoye mata. Kowane saƙon Musaddiƙ tare suke karantawa.

"Fulanina, yau na shiga laccar da ba tawa ba saboda na ga kin shiga. Malamin ya yi min tambaya na ba shi amsar wani darasi daban. Ki san yadda za ki rama min mutuncina."

Ta mayar masa: "Mai kujeru, ni ban aike ka ba. Gobe ka zauna a ajinku, in an tashi ka same ni a ƙarƙashin dalbejiyar laburare. Zan zo maka da fura."

"Furar da kika dama da hannunki?"

"A'a, da ƙafa."

Khadijat takan yi dariya ta ce su biyun ba su da aikin yi. Wani lokaci dariyar takan tsaya da wuri, ta juya ta fuskanci bango ta ce kanta ke ciwo. Sadiyya takan tashi ta nemo mata magani.

Zaharadeen kuwa bai daina kiranta "matata" ba duk inda suka haɗu. Wata rana ya ajiye wasa ya ce da gaske yake sonta. Ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ya ce babu komai, amma daga ranar gaisuwarsa ta sauya.

Suna ajin ƙarshe Musaddiƙ ya ce ya gaji da zaman dalbejiya, zai turo manya. Kawunsa Haladu ya je ƙauye ya gaida Baffa, mahaifin Sadiyya, aka karɓe shi da damammiyar fura. Aka ce kowane ɓangare ya yi bincikensa kamar yadda aka saba, bayan jarrabawa a sa rana.

Sadiyya ta rungume Khadijat tana kukan murna. Khadijat ta bubbuga bayanta ta ce, "Allah Ya sanya alheri, ƙawata."

Sun gama jarrabawa ke nan, ko akwati ba ta gama kwancewa a gida ba, Baffa ya aiko a kira ta. Ta same shi a gindin tsamiya bayan shanu sun fita, Sama'ilu na durƙushe a gabansa kamar wanda aka kama da sata. Waya na kan buzu, wadda aka turo bidiyon ranar al'adu a cikinta.

Baffa bai dube ta ba. Ya ce da Sama'ilu, "Muryar da na ji a cikin abin nan, taka ce?"

"Tawa ce, Baffa. Amma wasa ne na makaranta."

"Ka ce ka ba shi?"

"Na ce."

"Sun ce sun karɓa? An ambaci sadaki? An shafa fatiha a gaban jama'a?"

Sama'ilu ya gyaɗa kai.

"To nuna min inda wasan yake. Ni ban yi boko ba, amma na san ba a wasa da aure. Na tura ku neman ilimi, ashe aurar da juna kuke yi a can." Muryarsa ta yi rawa. "Mutanen Kazaure sun aiko suna tambayata ko 'yar da na yi musu alkawari matar wani ce. Da furfurata aka yi min wannan tambaya."

Sai a lokacin ya dubi Sadiyya. Baffa ya ce maganar Kazaure ta tsaya, kuma ko ƙofar gida kada ta leƙa sai an san matsayinta.

Aka aika wa Zaharadeen a ji ta bakinsa, da zaton zai yi dariya ya kashe maganar. Sai ya aiko da cewa shi dai ya karɓa a gaban shaidu, kuma bai tuna ranar da ya saki ba. A ƙauye magana ba ta kwana. Matan da ke zuwa sayen nono suka fara tambayar Inna, mahaifiyarta, wai ashe an yi biki ba a gaya musu ba.

Duk wannan Sadiyya ta daure, domin ta san akwai mutum ɗaya da ya ga komai da idonsa. Sai saƙonsa ya shigo.

"Sadiyya, Hajiyarmu ta ce kada in ƙara kiranki sai malamai sun yi magana. Ina tsoron ya zama matar wani nake nema. Ki yi min uzuri."

Ta karanta ta sake karantawa. Babu Fulanina, babu komai. Abin ya yi mata ciwo fiye da faɗan Baffa. Ta kifa wayar ta shiga ɗakin Inna ta yi kuka mai isarta.

Mutum ɗaya ce ba ta daina nemanta ba.

"Ƙawata, ki ci abinci don Allah. Duk wanda ya yi miki wannan, Allah zai tona masa asiri. Ina tare da ke."

Wannan saƙon na Khadijat shi ta riƙa dubawa tana samun sanyi.

Ranar kasuwar Gwiwa yayarta Adda Habiba, da ke aure a cikin gari, ta zo duba ta. Sadiyya ta ce ita fa har yanzu ba ta ga bidiyon da ya rushe mata rayuwa ba. Adda ta miƙa mata wayarta.

An yanke shi tsaf. Babu saniyar kwali, babu ɗaliban da ke tsalle a baya. Daga ita cikin lulluɓi sai bakin Sama'ilu da hannayen masu shafa fatiha. Amma daf da wayar da ta ɗauka akwai wata murya tana dariya tana cewa, "Hamma Sama'ilu, ɗaga murya mana, ba a ji!"

Ko cikin barci Sadiyya ta san wannan dariyar. Shekaru tana jinta daga gadon da ke kusa da nata.

"Adda, wa ya kai wa Hajiyarsu?"

Adda Habiba ta kawar da kai. "An ce 'yar maƙwabtansu ce. Wai ta ce tsoron Allah ne ya hana ta yin shiru."

Sadiyya ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta tuna maganin ciwon kan da ta riƙa nemowa, ta ji kunyar wautarta.

Adda ta roƙi Baffa ya bar Sadiyya ta raka ta Kazaure awo a asibiti. Daga tasha suka hau adaidaita, Sadiyya ta faɗi unguwar da ta fi sani a duk garin.

Khadijat na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta miƙe da fara'a za ta rungume ta, Sadiyya ta ja baya ta kunna bidiyon. Dariyar ta cika tsakar gidan. Farantin ya karkace, shinkafa ta zube.

"Abu ɗaya na zo tambaya," in ji Sadiyya. "Tun ranar kika shirya min wannan? Da kika jawo hannuna kika ce ga amarya?"

"Wallahi a'a." Idon Khadijat ya kawo ruwa. "Ranar babu wadda nake so kamarki. Don tarihi na ɗauka."

"To yaushe na zama abokiyar gabarki?"

Khadijat ta share ido, muryarta ta yi tauri. "Tun ina firamare nake leƙensa ta katangar can. Ya girma yana ce min ƙanwata. Na ba shi lambarki ina zaton kwana biyu zai yi ya gaji. Ni na koya miki magana da mutane, Sadiyya. Ni na koya miki komai. Sai ki zauna a gadona kina karanta min saƙonsa?"

"Da kin faɗa min."

"Da kin bar min shi?"

Sadiyya ba ta saba ƙarya ba. Ta ce, "Ban sani ba. Amma da ban karanta miki ko ɗaya ba. Kuma ko me za a yi, da ba zan sa a kunyata Mama a unguwarku ba, yadda kika sa aka kunyata Baffana. Kina turo min in ci abinci, Khadijat. Da wane hannu kike rubutawa?"

Ba ta jira amsa ba ta fito.

A ƙofar gida ta yi kiciɓis da Musaddiƙ yana jingine babur. Ya rame. Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Kana wurin. Da kujeru a kanka. Ka ga saniyar kwali, ka ga gemun auduga. Duk duniya ta yi shakka ban damu ba, amma kai?"

"Fulanina, Hajiya ce ta..."

"Kada ka kira ni haka. Tsoron zunubi ka ji, na yarda, ni ma na ji. To sai ka tashi ka nemo gaskiyar hukuncin, ba ka zauna a ɗaki kana jiran wasu su yanke maka ko ni taka ce ba."

Ta shige adaidaita. Adda Habiba ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka ji dai," ta bi ƙanwarta.

Maganar ta shige shi. Abin da ya biyo baya daga bakin Sama'ilu Sadiyya ta ji. Musaddiƙ ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce shi shaida ne, kuma ya yi kuskure da ya yi shiru. Ya hau babur har Babura ya zauna a shagon yayan Zaharadeen ya ce ba zai tashi ba sai da Zaharadeen ɗin. Ya tambayi wane malami Baffa ya fi yarda da shi, aka ce Malam Muhammad Auwal na Roni. Can aka haɗu, da Baffa da Kawu Haladu da samarin uku.

Malam ya saurari kowa. Sannan ya juya ga Baffa.

"Ka wakilta Sama'ilu ya aurar da ita?"

"Ni? Ko labari ban ji ba sai bana."

"To budurwar da mahaifinta ke raye, babu mai aurar da ita sai shi ko wanda ya wakilta. Babu aure a nan, balle a nemi saki." Ya dubi Zaharadeen. "Kai ango, ina saniyar sadakin take yanzu?"

Zaharadeen ya sunkuyar da kai. "Ta kwali ce, Malam. Ruwa ya dake ta."

Har Baffa sai da ya murmusa. Amma Malam bai sake su haka ba. Ya wanke Sama'ilu tas, ya ce damuwar Baffa tana kan hanya, sigar aure ba abin wasan yara ba ce, in za su nuna al'ada su tsaya a kiɗa da ado. Zaharadeen ya ba da haƙuri, ya ce haushi ne ya sa shi.

Washegari da la'asar Musaddiƙ ya zo ƙauye. Sadiyya ta bar shi a kan tabarma har inuwa ta matsa, sannan ta fito ba fura ba ruwa.

"Na cancanci haka," ya ce. "Na bar ki ke kaɗai a lokacin da ya kamata a gan ni a gabanki. Ba ni da hujja."

"In gobe aka sake kawo wa Hajiya wata magana fa?"

"Ke zan fara tambaya. Hajiya ma ta ce in gaya miki kunyarki take ji, za ta zo da kanta wurin Inna."

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta. "Na yi rashin ƙawa, Musaddiƙ. Ban taɓa sanin abin yana da zafi haka ba. Wani lokaci abin dariya zai faru, in ɗauki waya zan gaya mata, sai in tuna."

"Ba zan iya zama ita ba," ya ce a hankali. "Amma ki riƙa gaya min. Ko ba dariya a ciki zan yi."

Ta harare shi, murmushi ya ƙwace mata. Ta leƙa cikin gida ta ce a miƙo ƙwaryar furar da ta dama tun da rana.

Bayan an gama girbi aka sa biki. Ƙawayen jami'a suka cika gidan, 'yan Roni da 'yan Babura da 'yan Kazaure, suna tsokanarta wai wannan karon a duba saniyar da kyau. Ta yi dariya da su, amma idonta yakan kai bakin ƙofa ba da saninta ba.

Da safiyar ɗaurin aure, ana cire mata lalle, saƙo ya shigo.

"Ki yafe min, Sadiyya. In kin yarda in zo ko daga nesa ne in gan ki."

Ta riƙe wayar har allon ya mutu. Sannan ta rubuta:

"Na yafe miki, duniya da lahira. Ki gaida Mama. Amma kada ki zo."

Ta tura, ta kifa fuskarta a cinyar Adda Habiba. Matan da ke ɗakin suka ce kukan amarya ne, Adda ba ta gyara musu ba.

A zuriyarsu uba ba ya aurar da 'yarsa da bakinsa. Kunya ce babba, ƙaninsa yake wakiltawa, shi ya koma bayan jama'a kamar baƙo. Don haka da liman ya tambayi waliyyin amarya, kowa ya juya wajen ƙanin Baffa. Sai Baffa ya taso daga baya, ya ratsa sahu, ya zauna a gaba.

Sama'ilu ya kira Adda ya bar wayar a buɗe, aka kara wa Sadiyya a kunne. Ta ji muryar Baffa, ba rawa a cikinta.

"Ni ne ubanta. Ban wakilta kowa ba, don kada wani ya sake tambaya. Na ba Musaddiƙ ɗan Hussaini auren 'yata Sadiyya, da yardata da yardarta."

Kawu Haladu ya ce sun karɓa. Aka shafa fatiha, ita ma ta shafa da hannunta mai lalle, guɗa ta tashi daga tsakar gida.

Kafin a sa ta a mota aka kai ta gaban Baffa. Ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Na yi miki zato, kika yi min haƙuri. Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya haɗa ki da masu riƙe amana a inda za ki."

Ta ce amin, hawaye na sauka a kan hannunsa.

Motar na hawa kwalta wayarta ta yi ƙara.

"Fulanina, na ji da kunnena, kuma yau ban tsaya daga nesa ba. Ki taho a hankali, gidanki na jiranki."